Na je Arewa neman shekaruna

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. A garaji tambaya, a bakin kasuwa tambaya, jiya har kogi Musa ya bi ni ina wanka yana cewa wai da gaske ne an sace ni an kai ni ƙasar Ingilishi, tsallaken iyaka? To ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran, bakina ya gaji.

Ga wanda bai san mafari ba, sojan sama nake son shiga. Ba tuƙi ba, kar ku fara, gyaran inji. Shekara biyu ina kwance injin kamiyo, manyan motocin kaya, a garaji, duk Lahadi kuma ina maƙale da wayar filin jirgi ina leƙen masu gyara. Wani sarjan da ke kawo mana motarsa ya ce za a yi konkur, wato jarrabawar gasa, wanda ya ci a tura shi makarantar makanikai. Na shiga shiri ba wasa. Gudu da sassafe, lissafi da yamma, taba ma na bari. Likita ya duba ido, ya ƙwanƙwasa ƙirji, ya ce lafiya lau. Abu ɗaya ya rage a dosiye, wato takardun neman shiga, shi ne takardar haihuwa. Wanda ya cika sha takwas bai wuce ashirin ba suke so. Ni kuwa a ƙauye aka haife ni, can ƙasar Arewa gabas da Tibiri, ba wanda ya rubuta komai. Aka ce sai na je Dogon Dutsi da shaidu biyu, dattawa, su tsaya a biro, ofishin hukuma, su faɗi shekarar da aka haife ni. Ranar Alhamis kaɗai ake zaman, kuma kwana goma sha biyu suka rage a rufe karɓar dosiye. Wato in Alhamis ta mako mai zuwa ta kuɓuce mini, sai baɗi, baɗin ma in shekaru ba su wuce ba.

Mahaifina ya rasu, kun sani. Inna ta ce, "Je ka wajen Baba Arzika, wan ubanka. Amma ka iya bakinka." Ban tsaya tambayar me take nufi ba, ina sauri.

Kamiyon gishiri na samu. Mu wajen ashirin bisa buhu, da awaki biyu. Hanyar Dosso ta yi kunya-kunya kamar kwanon rufi, haƙoranka na kaɗawa ko ba ka magana. Kusa da ni wani dattijo Bafillace, Bello, ya ƙura wa zanen fuskata na mutanen Arewa ido, can ya ce, "A'a! Ga bawana ya sa wandon kanti. Ba'are, wa ya ba ka izinin zuwa birni?"

Wallahi na fara naɗe hannun riga. Wata tsohuwa ta tsunkule ni ta ce, "Kai ɗan Yamai, abokin wasanka ne, rama!"

Na ce, "Baffa, bari ta wandona. Rigar nan ta jikinka a shanyar wa ka ɗauke ta?"

Mota ta kwashe da dariya, shi ya fi kowa. Ya ciro cuku daga jaka ya raba biyu ya ba ni babban. Da ya ji inda na dosa ya riƙe baki. "Jirgin sama? Ba'are bai gama da jaki ba zai hau sama? Jama'a, mu shiga ɗaka!"

Bayan Birnin Gaure radiyata ta fara zuba. Na ce to ga ranata. Na diro ina bayani, rabi Faransanci rabi Zabarmanci, cewa sai an kwance an like da dalma. Direba ko kallona bai yi ba. Ya karɓi garin taba wajen tsohuwar nan, ya zuba a ciki, ya ƙara ruwa, ya ce mu hau. Ku yarda ko kar ku yarda, ɗigo ɗaya bai sake fita ba har Dosso. Shekara biyu a garaji ba wanda ya koya mini wannan. Na koma kan buhuna, Bello na cewa, "Injiniya, sannu da aiki."

A rumfar tasha muka kwana a Dosso, muka ci dambu da zogale. Washegari, wajen la'asar, na sauka a Kore Mairuwa, na kwana gidan wani mai shayi, da safe na kama hanya a ƙasa.

Abin da ya fara ba ni mamaki, zanena. A Yamai tun ina lakwal, makarantar boko, ake ce mini mai gashin bakin kyanwa. A can kowa irinsa gare shi, manomi, mai jaki, matar da ke daka, jaririn da ke bayanta. Ba wanda ya kalle ni sau biyu. Ga gaisuwa. Mu nan sai mu ɗaga hannu mu wuce, can sai ka tsaya, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a koma kan gida. Kuma ba mai tambayar sunanka sai ya ba ka abin sha. Hatsi ya yi kai, ya fi ni tsawo, hanya ta zama kamar lungu. Sau biyu na ɓata, sau biyu wani ya ajiye aikinsa ya raka ni har inda ba zan sake ɓata ba.

Da na isa, Kaka, mahaifiyar babana, ta shafa fuskata da hannu biyu don idonta ya yi rauni. Ta ce, "Mijin nawa ne hannu rabbana? Ko goro babu? Na sake ka tun yanzu."

Na ce, "Ai na samu 'yar birni."

"Ta iya dama hura? Ungo, sha ka ji abin da ka rasa."

Kun san furar da muke sha a nan mai ruwa tsululu? Ku daina kiranta fura. Waccan sai ka tura ludayi da ƙarfi. Aka yanka zabo, aka yi tuwon hatsi da miyar kuka, na ci har na kasa tashi.

Ran Lahadi da hantsi na samu Baba Arzika ƙarƙashin rumfa yana gyaran igiya. Gajere ne, kakkaura, ba ya son magana mai yawa. Na tsuguna na ce na zo neman shaida ne, zan shiga soja.

Hannunsa ya tsaya kan igiyar. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya. "Wa yar rubuta ka?"

"Ba kowa, Baba. Ni na kai kaina."

"Ɗan nan, nan gida ne. Hwaɗa min gaskiya, wa yab ba da sunanka?"

Na sake bayani, jirgi, inji, makaranta, konkur. Yana ta kaɗa kai kamar mai jin mara lafiya na sambatu. A ƙarshe ya ce, "To. Akwai wanda ya hi ni sanin shekarunka. Gobe da sahe mu tahi mu ɗauko shi."

Na ji daɗi ƙwarai. Na ce ka ga dattijo mai fahimta.

Da ina da wayo da na gane tun ranar. Mata suka shiga daka ba ƙaƙƙautawa. Kaka ta ƙulla mini gari, da barkono, da bargo, da laya. Tafiyar yini ɗaya da bargo? Na ce karamci ne. Da yamma ina bayan danga na ji wani mai doki ya tsaya bakin rijiya yana tambaya ko an yi baƙo daga Yamai. Matar da ta gaishe ni da safe, ta kira sunana har sau uku, ita ce ta ce masa, "Baƙo? Garin ga? Rabonmu da baƙo tun bara." Mutumin nan ashe goro kawai yake sayarwa. Amma gari guda, har yara, ba wanda ya nuna ya taɓa ganina.

Ran Litinin Baba Arzika ya ce in tuɓe rigar kaki in sa taguwarsa, wai ƙaya za ta yaga mini tufa. Muka bi ta cikin gonaki. In mun hango gari sai ya kewaye. Na ce, "Baba, ba ga hanya can ba?" Ya ce, "Wagga ta hi kusa." Muka ƙetare wani busasshen kwari, ga tsamiya guda, ba dutse, ba tuta, ba komai. Wajen azahar muka iso wata rijiya, mata na ɗiba. Ɗaya ta ɗago ta ce, "Mutanen Faranshi, sannunku da rana! Arzika, wani kuka kawo kuma?"

Na tsaya cak. Na ce, "Baba, ina ne nan?"

Bai ko juyo ba. "Inda ba su iya taɓa ka."

Ashe iyakar ke nan muka wuce. Ni da nake tsammanin iyaka sai da shinge da ɗan duwan mai binciken kaya. Ashe kuma haka suke yi tun kafin a haife ni. Duk saurayin da aka rubuta soja, da safe a canza masa riga, a bi da shi ta gona, a kai shi wajen dangi a wancan ɓangaren, gari kuma ya manta an taɓa haihuwarsa. Ba taro, ba shawara, kowa ya san aikinsa. Yau in na tuna sai in ce kai, mutanen nan sun iya riƙon nasu. Amma a lokacin ji na yi kamar in faɗi in yi birgima. Litinin ce fa, Alhamis saura kwana uku, ga ni a wata ƙasa da bargo.

Gidan da ya kai ni na Baba Gado ne, ƙanensu shi da babana. Dogo, siriri, dariya a bakinsa. Shi ma da ƙafa aka kawo shi garin yana saurayi, ya zauna, ya yi aure, ya haihu. A ƙofar gidansa kekuna ne jingine, wasu ba ƙafa, wasu ba sarƙa. Shi ne mai gyaran keke na kasuwannin wajen duka, kuma ba wanda ya koya masa.

Ban ko gama gaisuwa ba na fara. Tun da nake ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, ranar na yi, har da Faransanci. Baba Arzika ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Mu huɗu ubanmu ya haihwa maza. Ɗan'uwanmu Mayaƙi sunka ɗauka soja, ko hularshi ba mu gani ba. Wanga ga shi nan, uwarshi sai ta biyo gona ta gan shi. Ubanka birni ta cinye. Yanzu kai ka zo ka ce in tahi da ƙahwata in miƙa ka? Ba ni yi."

Ban san da Mayaƙi ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini ina da wani baba mai wannan suna.

Baba Gado ya ce, "Ku ci tuwo tukuna. Ba a shari'a da yunwa."

Bayan la'asar ya kira ni ƙofar gida. Ya kama hannuna ya juya, ya dubi baƙin man da ke ƙarƙashin farce, wanda ko sabulu ya gaji da shi. Ya miƙo mini cibiyar ƙafar baya ta wani keke, ya ce kwana uku tana ba shi wuya. Na zauna a ƙasa na kwance ta. Wani ɗan ƙarfe ne ya lanƙwashe a ciki. Na miƙar da shi, na jera 'ya'yan ƙarfen cikinta, na ɗaure. Ya murza, ta yi ta juyawa tana ɗan kuka mai daɗi.

Sai tambaya ta ɓalle. Me ke riƙe jirgi a sama? Na ɗauki faifai ina nuna masa yadda iska ke bi. In injin ya mutu a can fa, ina ake tsayawa a gyara? Na ce ai shi ya sa ake gyara shi da kyau tun a ƙasa. Ya ce, "Ashe mai gyaran ya hi mai tuƙin." Na ce Baba ka biya ni. Ya tambayi mai, ya tambayi fanka, ya yi wata tambaya kan sanyaya inji da har yau ban san amsarta ba. Mutumin da bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba! Da ya samu lakwal da ban san inda zai tsaya ba.

Can ya ce, "Hamidu, dube ni. Su sunka kira ka, ko kai kat tahi?"

"Ni na je."

"Rantse."

Na rantse.

Ya juya wajen wansa da ke zaune kan turmi. "Yaya, ni ba ni so, kunka ɓoye ni, Allah shi biya ku. Wanga so yakai. In munka tsare shi nan, mi ar rabarmu da gardin Annasara da sunka zo da igiya?"

"Kai ka san soja?"

"Ban sani ba. Amma na san hannu." Ya nuna ni. "Kuma ni na san shekararshi. Ran sunanshi gardi sunka shigo gari. Ragon ma ban ci ba, ta bayan danga na hita. Ni za ni hwaɗi."

Baba Arzika ya miƙe tsaye. "Ka haukace? Sunanka na cikin littahinsu!"

"To su karanta."

Suka yi ta yi har magariba. Abin da ya karya Baba Arzika, ya ga ƙanen da gaske tafiya zai yi, ko da shi ko ba shi, kuma ba zai iya barinsa ya shiga biro shi kaɗai ba.

Talata muka koma gida. Kaka da ta ji abin da ake ciki ba ta yi kuka ba, ba ta yi wasa ba, ta dai ce a kawo mata kan Gado ta tofa. Laraba muka taka har Kore, muka samu kamiyon gyaɗa zuwa Dutsi. Dutsen kuwa yana nan tsaye kan gari kamar an dasa, amma gaskiya ban kalle shi sosai ba. Wani ɗan garinmu mai sayar da fata ya sauke mu a zaurensa. Aka kawo shinkafa da wake, Baba Gado ya ce shi ya ƙoshi. Da safe na ga ya ciro 'yan ƙarafan aikinsa daga aljihu ya ba wansa, yana gaya masa keken wa da wa ke jira, da abin da za a ce wa iyalinsa. Nan na gane shi bai sa ran fitowa ba. Na ce, "Baba, mu fasa." Ya ce, "Wuce mu tahi, kana ɓata min lokaci."

Barandar biro cike. Wanda ke gabanmu ba shi da shaida mai ƙarfi, aka ce ya buɗe baki, ya ɗaga hannu, aka dubi haƙori da hammata kamar ragon layya, aka yanke masa shekaru. Ba kumandan mai mulkin yankin ba ne ke zaune, mataimakinsa ne, wani Annasara matashi da zufa ta jiƙa wa riga. Tafinta na tsaye gefensa.

Aka kira mu. Baba Arzika aka fara tambaya: yaron nan shekararsa nawa?

Jama'a, ni dai ban san ko da gangan ya yi ba, ko bakinsa ne ya saba. Shekara da shekaru duk Annasaran da ya tambaye shi shekarun yaro amsa ɗaya yake bayarwa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, jariri ne. Bai kai goma sha biyar ba. Ga shi da ciwon ƙirji."

Tafinta ya juya maganar. Annasara ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya tsoma alƙalami a tawada. Na ga gudun da na yi, da lissafin, da komai, sun tafi.

Baba Gado ya matso gaba. "Ranka shi daɗe, wana tsuhwa ta kama shi. Ni na san shekarar."

Aka ce ta yaya?

"Ɗibar soja ta hwarko, ta yaƙin Jamus. Kun zo garinmu neman mutum ukku, kunka samu biyu. Na ukkun ni ne, Gado ɗan Barmu. Ran sunan yaron ga na gudu. Ku duba littahinku."

Tafinta ya sunkuyo ya ce a hankali, "Baba, ka san abin da kake hwaɗi kuwa? In juya ta wata hanya?"

"Hwaɗa mishi yadda na ce."

Ina jin Faransanci, don haka na shaida bai rage ko kalma ba. Annasara ya ajiye alƙalami. Ya ce a ɗauko littafin ɗibar soja na lokacin. Wani gardi ya tafi. Muna tsaye. Ina kallon ƙafar Baba Gado, babban yatsansa na tonon ƙasa, amma kansa a miƙe. Baba Arzika ya matsa ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi.

Littafin ya zo, gara ta ci gefensa. Aka yi ta buɗawa, aka samu garinmu. Annasara ya bi da yatsa, ya tsaya. Sunan na nan, da jan layi a ƙarƙashi. Ya dubi shekarar da ke saman shafin, ya ɗan yi lissafi a bakin takarda, ya ce sha tara. Sannan ya ɗago ya ce a tambayi dattijon, bayan wannan shekaru duka, me ya dawo da shi?

Baba Gado ya ce, "Ɗana ka son aikinku. Ni ban so ba, shi yana so."

Annasaran ya daɗe yana kallonsa. Ya ce lokacin da aka ja wannan layin shi kansa yana ɗan lakwal, maganar ta mutu tuntuni, ba mai nemansa. Ya rufe littafin, ya rubuta takardata, ya buga hatimi, ya ce a kira na gaba.

Muna fita Baba Gado bai yi nisa ba. Ya zauna dirshan gindin wata bishiya yana dariya, hawaye na bin zanensa, yana cewa a nemo masa fura, yunwa za ta kashe shi. Baba Arzika na tsaye kansa yana faɗa, "Mahaukaci, ɗan mahaukaciya," ya manta uwarsu ɗaya.

Juma'a da safe suka raka ni tasha. Baba Arzika ya karɓi takardar, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, bai iya karatu ba, ya naɗe ta cikin wata fata da ya roƙa wajen mai masaukinmu, ya cusa mini a aljihun ciki da kansa. Na tsuguna zan ba shi haƙuri kan muryar da na ɗaga. Ya ce, "Tashi. Har yanzu ban yarda ba, kada ka ce na yarda. Amma ka ci jarrabawar nan. Kada ka sa ƙanena ya yi tsayuwar banza."

Dosiye ta shiga ran Litinin da safe, ranar rufewa. Konkur wata mai zuwa ne. Don haka Musa, da kai da sauran, in kun zo ƙofar gidanmu da yamma kun ji Inna ta ce ba na nan, ina nan, lissafi nake yi.